Watandar Barmo a Birnin Ganye

Barmo ya daina rabon watanda, irin dawar gidansu kuma ya koma abin da bai cika tafin hannu ba. Abu ɗaya ne ya jawo duka biyun. Ya faru a Kwarin Shamuwa, ƙarshen daminar bara, a cikin ganyen dawa guda ɗaya da ke bayan gidan yayarsa Tabawa.

Kafin nan babu wanda ya kai Barmo suna wajen rabo. In mutanen unguwa suka haɗa hannu suka sayi sa don salla, shi ake kira. Yakan kasa naman kashi-kashi, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa, da ɗan hanta, da ɗan tumbi, da kitse. Ba ya barin saura, ba ya kasa wa wanda ba ya cikin watanda. In ya gama sai ya juya baya, wani ya ɗora sanda a kan kashi ya ce, "Na wa?" shi kuma ya kira suna. In mutum ya fara cewa gidansa akwai mai jego ko tsoho marar haƙori, Barmo yakan toshe kunnuwansa da yatsu. A ganinsa, son kai daga sauraron uzuri yake farawa, kuma mai rabo ba ya kallon fuska.

Dawar kuwa kakarsu ce ta zo da irinta. Ja ce, karanta da zaƙi kamar takanɗa, ana ce mata dawar Iya, kuma babu ita a kasuwa. A waccan daminar ambaliya ta kwashe gonar Tabawa, ragowar irin da ke rumbu kuma gara ta riga ta gama da shi. Kara ɗaya ya tsira, wanda ya fito da kansa kusa da juji. Tabawa ta kewaye shi da ƙaya. Zangarniya ta fito, ƙwayoyin suna ruwa-ruwa ba su yi ƙwari ba, sai aka aiko 'yarta ta haihu a wani gari.

"Ba na neman ka yi masa komai," in ji ta, tana ɗaure ƙunshinta. "Awaki da tsuntsaye kawai. Ka zauna ka kore su. Ka ji ko?"

"Haba Yaya, kara ɗaya ne fa. Ni da nake raba sa guda."

"Shi ya sa na ce maka zama kawai."

Washegari da sassafe yana zaune gindin karan, sai ya ji an yi sallama daga sama. Ya ɗaga kai. A bakin ganyen ƙarshe, wanda ke ƙarƙashin zangarniya, akwai ɗigon raɓa. A cikin ɗigon wani mutum ne tsaye, bai kai ƙwayar gero ba, jikinsa garau kamar ruwa, ana hango abin da ke bayansa ta cikinsa.

"Aminci gare ka, ɗan Adam. Kai ne Barmo wanda ba ya kallon fuska?"

"Ni ne."

"Sunana Garai, Sarkin Ganuwar Birnin Ganye. Rigima ta tashi tsakaninmu a kan rabo, Magajiyarmu ta ce a nemo alƙali daga waje. Iska ta kawo mana sunanka. In ka yi mana adalci, za mu cika wannan zangarniya har ta sunkuya. Sharaɗinmu ɗaya ne. Hukuncin baƙo ba a janye shi da baki."

Barmo ya dubi ƙayar, ya dubi hanya. Babu akuya kusa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne sunansa ya kai har wurin waɗanda ba mutane ba.

"Na yarda."

"To lashi raɓar."

Ya lasa. Juji ya zama dutse, kara ya zama hasumiya, shi kuma ya tsinci kansa a kan wani kore fili marar iyaka, mai santsi kamar an shafe shi da kakin zuma. Gashin ganyen yana tsaye jefi-jefi kamar masun yaƙi na gilashi. Iskar da a da ba ta ɗaga masa hula ta ɗauke shi ta maka da ƙasa, ya zame har gefen ganyen, inda haƙora suke jere kamar na zarto. Ɗaya ya tsarge masa riga daga wuya zuwa ƙugu, da shi ya rataya, ƙafafunsa suna lilo a kan sarari, har Garai ya zo ya jawo shi. Suka zagaya ta ƙasan ganyen, suna kama gashi bayan gashi, kai a ƙasa, har suka isa ƙofa.

Ƙofar ba ta da ƙyaure. Masu gadinta su ne ƙyauren: tagwaye biyu, kwance jiki da jiki. In suka sha ruwan kanwa sukan kumbura su lanƙwashe kamar baka, hanya ta buɗe a tsakaninsu. In suka tofar sai su saki, hanya ta rufe.

"Baƙo da hannunsa yake buɗewa," suka ce da murya ɗaya. "Ga curin kanwa, raba mana. In ɗayanmu ya fi ɗaya samu, ƙofa za ta karkace ta matse ka a tsakiya. Dubi can ka ga waɗanda suka gwada."

Ɓawon ƙwari ne a gefe, a murƙushe.

Barmo ya juya curin, ya fasa shi a gwiwa, ya auna a tafukansa. Ya ɓantari kaɗan daga na dama ya ƙara wa na hagu. Tagwaye suka sha, suka kumbura tare, ƙofa ta buɗe daidai.

"Hannunka gaskiya ne, ɗan Adam. Shiga."

Ya shiga yana gyara hula.

Ciki koguna ne na iska mai ɗumi da laima, haske kore ko'ina. Rufin birnin gidajen 'yan ganuwa ne, mutanen Garai, jere kafaɗa da kafaɗa, rana tana ratsa su tana sauka ƙasa. A ƙarƙashinsu unguwannin Tsanwaye suke, mutane koraye shar, kowa da tukwanensa. Babu itace, babu hayaƙi. Sukan zuba ruwa, su kamfato iska, su tura tukunya inda haske ya sauka, sai maɗi ya fara tsattsafowa. Ƙamshinsa ya cika birnin.

Suka iso Kogin Hawa, wanda ke tasowa daga saiwa yana gudu sama da ruri. Gadarsa zare ɗaya ne. A tsakiya ƙafar Barmo ta goce, ruwa ya shiga bakinsa, ya ji ɗanɗanon gishiri da kanwa da ɗacin ƙasa kafin ya kama zaren ya haura. A ɗaya gaɓar masu tacewa ne ke aiki. Abin da Barmo ya gani ya tsayar da shi. Gishirin da aka tace, kusan duka ana ɗora wa 'yan dako su haura da shi gidajen 'yan ganuwa. Kanwa mai kyau ana ware wa Tagwayen Ƙofa. Tulunan maɗi kuwa wasu 'yan dakon ne ke gangarawa da su wata hanya, suna wuce mutanen Garai ko kallo babu.

Ya leƙa ɗakin Garai. Randa ɗaya ce a ciki, cike da ruwan gishiri.

"Wannan ne abincinku?"

"Wannan ce ajiyarmu," in ji Garai.

Barmo bai ƙara tambaya ba. Ya sha ganin irin wannan a duniyar mutane, kuma ya san sunansa: zalunci.

Magajiya Tsanwa ta karɓe shi a dandali. Tsohuwa ce, tafukanta sun yi kanta saboda tura tukunya.

"Maraba da baƙon da muka kira. Kafin ka zauna, ka zaga tukuna. Ka sauka bakin Kogin Maɗi, ka ga inda 'yan dako ke juyewa, ka tambaye su ina yake zuwa."

"Ranki ya daɗe, mai rabo ba ya zaga gidaje. Wanda ya zaga ya ga fuska, wanda ya ga fuska kuwa hannunsa ya karkace. Mai ƙara ya yi magana."

Garai ya matso. "Mu 'yan ganuwa, a kanmu rana take faɗa, mu iska take duka. Gishirin birni duk a ɗakunanmu yake. Maɗi kuwa, tun da zangarniya ta fito..."

"Ya isa. Na gane."

"Ban ƙare ba, alƙali."

Barmo ya sa yatsu a kunne, ya jira bakin Garai ya daina motsi. Sannan ya ba da umarni a kwaso duk abin da ke birnin a tara a dandali, maɗi da gishiri da kanwa da ruwa. Aka tara. Ya sa kowane gida ya turo mutum ɗaya. Ya naɗe hannun riga ya fara kasawa, kowane kashi da maɗinsa da gishirinsa da kanwarsa, daidai wa daida. Bai taɓa yin rabo mai kyau kamar wannan ba, kuma ya sani.

Shugaban 'yan dako ya ɗaga hannu. "Na kogi fa?"

"Kogi gida ne?"

"A'a."

"Yana cikin watanda?"

"Ba mu san watanda ba, alƙali."

"Wanda ba ya nan ba shi da kashi. Kuma ba a barin saura."

Magajiya ta dube shi. "Ɗan Adam, shawara ce wannan, ko hukunci?"

"Hukunci ne. Yau da gobe da kullum, duk abin da ya shigo da duk abin da aka dafa, haka za a riƙa kasa shi."

"An ji," in ji ta.

Ya juya baya, aka riƙa ɗora sanda, yana kiran gidaje.

Da farko biki aka yi. 'Yan ganuwa suka sha maɗi har jikinsu ya yi launin zuma, suka ɗauki Barmo a kafaɗa suka zaga da shi suna yi masa kirari. Ya ga Tsanwaye suna shiga gida da gishiri a ƙwarya, suna riƙe da shi nesa da jiki kamar garwashi. Ya ɗauka baƙin ciki ne na wanda aka rage wa gata.

Rana ta take. Tukwanen farko suka fara tsagewa. Gishiri ya shiga cikinsu, maɗi ya daina tsattsafowa, masu dafawa suka fara yin fatsi-fatsi daga yatsu zuwa gwiwar hannu. A lokacin ne Tagwaye suka saba tofar da kanwa su rufe ƙofa don kada zafi ya kwashe laimar birni. Amma an ba su maɗi sun sha, ya kumbura su, ya kuma ƙi tofuwa. Ƙofa ta tsaya hangame. Iska mai laima ta riƙa ficewa da ƙugi. Kogin Hawa ya ƙara gudu, bai isa ba. Daga can ƙarshen ganye aka fara jin gidaje suna faɗawa ciki kamar salkar da aka tsiyaye.

Sai ƙasa ta girgiza. Barmo ya ɗaga kai, ya hango inuwoyi ta cikin rufin. Tururuwa ne, kowace ta fi giwa, suna koro garken ƙwarin darɓa kamar makiyaya da shanu. Ƙamshi ya kira su. A da in ƙwaro ya soki ganuwa, gishiri yake fara ji, ya yi tsaki ya wuce. Yanzu zaƙi ne tun daga bakin. Bakuna dogaye kamar taɓare suka riƙa huda rufin suna saukowa. Ɗaya ya sauka cikin gidan maƙwabcin Garai. Barmo yana kallo mutumin ya tsotse ya zama fata. Darɓar da ƙwarin ke zubarwa ta malale a kan rufin, ta yi danƙo, ta yi baƙi, hasken birnin ya dushe.

Barmo ya ruga neman mafaka, ya bi hanyar nan da ya ƙi bi, ya gangara har bakin Kogin Maɗi. Kogin ya ƙafe. 'Yan dako suna zaune a kan tulunansu. Daga cikin magudanar da ta miƙe sama wata ƙara take fitowa, siririya, ba ta yankewa. Ya saurara. Kukan jarirai ne, masu yawan gaske.

"Su wa ke kuka?"

"Ƙwayoyin zangarniya," in ji shugaban 'yan dako. "Wannan kogin ne nononsu. Abin da muke dafawa a birnin nan, yawancinsa nasu ne."

Barmo ya nemi wuri ya zauna. Ya tuna Tabawa tana ɗaure ƙunshi.

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Yatsunka suna kunne, alƙali."

Garai ya same shi a nan. Launin zuma bai gama barin jikinsa ba. Barmo bai iya ɗaga ido ba.

"Ƙarasa ƙararka," ya ce a hankali.

"Tun da zangarniya ta fito, ɗan maɗin da ake ba mu mu lasa don mu iya tsayuwa, an rage shi. Ludayi guda muke nema a mayar mana."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Gishirin fa?"

"Gishiri aikinmu ne. Mu ba mu da tukwanen da zai ɓata, shi ya sa ake ajiye shi wurinmu. Da shi muke jan ruwa mu tsaya ƙyam, birni ya yi faɗi a gaban rana." Ya dubi launin zumar da ke jikinsa. "Na ga kuskure ne tun kana kasawa. Ban taɓa cika baki da maɗi ba, sai na ce bari in ɗanɗana tukuna. Kunyar ba taka ba ce kai kaɗai."

Barmo ya koma dandali. Ya cire hula, ya durƙusa gaban Magajiya a idon jama'a.

"Ranki ya daɗe, na janye."

"An faɗa maka tun a raɓa, ba a janyewa da baki. Abin da ka raba, kai za ka kwashe, a kanka. Duk gidan da ka mayar wa nasa ka ɗauke wanda ba nasa ba, ya fita daga hukuncinka. Sauran suna ciki."

"Yaya zan san na kowa?"

"Ka tambaya."

Ya naɗa gammo da yagaggiyar rigarsa. Ya fara da Tagwaye, ya riƙa zuƙe maɗin daga bakinsu da tsinke yana tofarwa a tulu har suka saki, ƙofa ta rufe. Sannan ya shiga gida-gida daga unguwar da ke kusa da kara. A kowace ƙofa sai ya yi sallama, ya dubi mai gida a fuska, ya ce, "Me ke naka a nan, me ba naka ba?" Amsoshin ba su zo iri ɗaya ba. Ko a cikin Tsanwaye, na kusa da rufi ba su buƙatar abin da na kusa da kogi ke buƙata. Wata ta ce a bar mata ɗan gishiri kaɗan, ba ta iya aiki babu shi sam. Wani ɗan ganuwa ya ce a ƙaro masa, randarsa ta fi ta maƙwabcinsa girma.

Gishiri ya haura da shi sama, maɗi ya gangara da shi kogi. Ruwan gishirin ya ci gammo, ya ci gashin kansa, ya bar tabo fari. Bai san sau nawa haske ya tafi ya dawo ba. Babu wanda ya zage shi. Duk inda ya wuce da kaya sai a matsa masa hanya a ce, "Sannu da aiki, alƙali." Da jifa suka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Inda gishiri ya koma cikin ganuwa, ƙwarin darɓa suka zare bakunansu, tururuwa suka kora su gaba. Kogin Maɗi ya fara ɗiga. Amma da ya kai tsakiyar ganye sai ya tarar babu ƙofar da zai yi wa sallama. Daga nan har ƙarshe gidaje ne busassu, iska tana kaɗa su. Ya tsaya da tulu a kai, ya rasa inda zai sauke.

Magajiya ta tara waɗanda suka rage. Kukan da ke fitowa daga magudana ya yi rauni.

"Tukwanen da suka saura ba za su cika zangarniya ba," in ji ta, "kuma lokacinta ya kusa wucewa. Ku rushe."

Babu wanda ya yi gardama. Tsanwaye suka fasa tukwanensu, suka narka su. Suka riƙa kankare koren jikinsu suna zubawa a tulu, 'yan dako suna kwasa suna juyewa a kogi. Unguwa bayan unguwa ta koma rawaya. 'Yan ganuwa suka miƙo ɗan ludayin da aka mayar musu. Gishiri kaɗai aka bari a inda yake.

"Kullum haka muke ƙarewa," Magajiya ta ce wa Barmo, tana kankare hannunta. "Amma sai bayan ƙwaya ta ƙoshi, mu zama ƙari. Wannan karon mu ne abincin."

"Ranki ya daɗe, a haɗa da ni."

"Ba ka narkewa, ɗan Adam. Ba ka da amfani a kogi."

"Zai isa?"

"Ba zai isa kowa ba. Kogi zai zaɓi wasu ya cika su, ya bar wasu fanko. In ya bi hanyarka, duka za su tashi rabi-rabi, babu wadda za ta tsira a ƙasa." Ta miƙa tulunta. "Ko waɗanda ya zaɓa, ban san ko sun samu abin da zai tashe su ba. Mun gode da amsa kira. Garai, raka baƙo."

Tagwaye suka haɗa 'yar kanwar da ta rage, suka raba da kansu, suka buɗe masa. Ya saki gashin ganye ya faɗo.

Ya tashi a gindin kara da girmansa na mutum, ba riga, kansa yana zafi. Ƙaya tana nan yadda Tabawa ta bar ta. Ganyen ƙarshe ya bushe ƙayau, rabinsa baƙi da darɓa. Zangarniya tana tsaye sak, ba ta sunkuya ba. A gida matarsa ta ɗauka ya tafi kasuwar shanu ne duba san salla bai yi sallama ba, kamar yadda ya saba.

Tabawa ta dawo bayan suna da kwanaki. Ta zaga karan, ta murza ganyen ya zube a hannunta, ta taɓa zangarniya.

"Darɓa ce ta shiga. Ikon Allah. Kai dai sannu, ƙanena, ka yi naka. In ba don kai ba da awaki sun gama da shi." Ta dama fura ta miƙo masa.

Ƙwaryar ta daɗe a hannunsa bai kai baki ba. Ya ajiye, ya cire hula ya nuna mata tabon, ya faɗa mata abin da ya faru daga raɓa har faɗowa. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Ludayi guda," ta ce.

"Ludayi guda, Yaya."

"Ni na ce ka kori awaki. Wa ya aike ka alƙalanci?"

Ta turo masa ƙwaryar.

"Sha furarka. Kada ta yi tsami ita ma."

Da salla ta zo aka kayar da sa, aka aika kiransa. Ya zo, ya tsaya a bayan mutane. Aka miƙo masa wuƙa ya ce a ba wani. Masu barkwanci suka ce tsufa ne, wasu suka ce tabon kansa ne ya taɓa masa hankali. Wanda aka ba wuƙar ya kasa nama yadda Barmo ya koya masa, kowa ya ɗauki kashinsa ya tafi gida lafiya, domin watanda ba ta da laifi a wurin rabon nama. Barmo ya ɗauki nasa ya bi ta bayan gari.

Tabawa ta yanke zangarniyar da ta bushe, ta murje ta da hannu a faifai maimakon sussuka. Ta sheƙe, iska ta tafi da fiye da rabi. Ta zuba sauran a ruwa, da yawa suka taso. Waɗanda suka nutse ta tsame, ta shanya, ta zuba a ƙaramin tulu da toka ta liƙe bakin da laka. Ta ajiye shi ƙarƙashin gadonta har rani ya wuce.

Da ruwan shuka ya sauka bana, ita ta sara ramukan da kanta a bayan gida, ta zuba ƙwaya ɗaya-ɗaya. Barmo ya ce zai taya ta, ta ce ya yanko ƙaya. Ya yanko, ya kewaye, kuma kowace safiya yana zuwa ya zauna daga wajen shingen.

Dawar maƙwabta da aka shuka rana ɗaya da ita ta tsiro, har ta fara ganye na biyu. A bayan gidan Tabawa ƙasa ba ta motsa ba. Jiya ta tone rami ɗaya da yatsa ta duba. Ƙwayar ta kumbura. Ba ta ruɓe ba, ba ta kuma tsage ba.